Igiyar Titin Elm

Hindou ce ta fara ganinsa. Tana jiran bas a tsakiyar gari, sai ga Malam Abdoul Razak ya faka motarsa ta haya a titin Elm, ya ɗauki baƙar jaka, ya haye wani bene. Alhamis ta zagayo, ta sake ganinsa. Ta tambayi 'yarta abin da aka rubuta a ƙofar. Yarinyar ta duba waya, ta toshe baki, ta ƙi faɗa. Kafin Juma'a duk Hausawan Gate City Boulevard, unguwarsu a wannan gari na Amurka, sun ji.

Abdoul Razak ba yaro ba ne. Magidanci ne mai 'ya'ya uku. Shekara tara yana koyar da yaran masallaci Alƙur'ani kowace Asabar da Lahadi. A garin da kowa direba ne ko ma'aikacin sito, wannan ne kaɗai ya sa ake ce masa Malam. Dattawa suka ce a fara ganin wurin, sannan a san ko za a bar masa yaran.

Alhaji Boukari ya ce shi zai je. Shi ne babban 'yan Nijar. Yana da ɗan fili a Summerfield, can bayan gari, inda yake noma kuɓewa da ganyen kwaɗo, matan gari na saye. Shi ya sauki Abdoul Razak a ɗakinsa shekarar da ya zo daga Maraɗi. Alhajin ba ya jin Turanci sosai, don haka ya ɗauki Dokta Ubaidullah, malamin jami'a ɗan Kano, ya yi masa tafinta.

Mai wurin sunansa Nicodemus. Dogo ne, ya aske kai ƙwal, ya sa rigar Japanawa da ba ta kai masa gwiwa ba. Ya ɗauka sababbin ɗalibai ne, sai ya shiga bayani.

Ya ce abin sunansa shibari. A can da, dogarawan Japan ba su da ankwa, da igiya suke kama mai laifi. Ɗaurin babban mutum daban, na talaka daban, duk wanda ya gani a hanya ya san matsayin wanda aka kama. Daga baya masu wasan kwaikwayo suka ɗauka, masu zane da masu hoto suka bi. Yau mutum shi ke kawo kansa, wani don sha'awa, wani wai don hankalinsa ya kwanta.

Dokta yana fassarawa yana kallon ƙasa.

A tsakiyar ɗakin wani ƙato mai furfura, sanye da kayan motsa jiki, ya durƙusa, hannuwansa a baya. An ce lauya ne. Nicodemus ya zagaya masa igiya a ƙirji da damatsa, ya ajiye almakashi kusa, minti-minti yana tambayarsa ko yana jin yatsunsa. Lauyan ya lumshe ido kamar wanda aka ba fura.

Alhaji Boukari ya ja tsaki.

"A garinmu ɓarawo ake wa haka, yana ihu. Waɗannan ƙoshi ne ya yi musu yawa."

Nicodemus bai ji ba. Ya sauko da wata igiya daga bango, ya riƙe ta da hannu biyu, ya rusuna mata. Ya ce wani tsoho ne a duwatsun Japan ke tufka ta da hannu, ba ya sayar wa kowa sai shi. Ɗalibai daga jihohi uku suke zuwa saboda ita.

"Rama ce," in ji Alhaji daga bakin ƙofa. "Da irinta muke ɗaure jaki."

Dokta bai fassara wannan ba. Ya tambayi Nicodemus ko ya san wani Abdoul Razak. Fuskar mutumin ta canja. Ya ce ba sa faɗin sunan wanda ke shigowa nan, ya nuna musu matakala.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a ɗakin baya na masallaci. Abdoul Razak ya zauna a ƙasa, hularsa a gwiwa.

"Malam, kana hawa benen nan?" in ji wani dattijo.

"Ina hawa. Ban taɓa zama ba."

"To me ke kai ka?"

"Amana ce. Na rantse ba zan faɗa ba."

Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji Boukari, mutumin da ya fara ba shi katifa a Amurka. Alhaji yana jan carbi.

Dokta ya ce a yi haƙuri, a ba shi wata guda, ba a ga ya yi komai ba. Biyu suka gyaɗa kai. Sauran suna jiran babba.

"Bon," in ji Alhaji. "Na gani da idona. Ƙazanta ce. Ƙafar da ke hawa benen nan ba za ta ƙara tsayawa gaban 'ya'yanmu ba."

Abdoul Razak ya daɗe yana kallonsa. Ya zare makullin ajin daga na motarsa, ya ajiye a kan darduma, ya yi sallama. Babu wanda ya amsa da ƙarfi. A waje yara biyu suka gaishe shi da Malam, uwarsu ta ja su gefe.

Dattawa suka yi wa Alhaji godiya. Suka ce da babu irinsa, da ƙasar nan ta cinye mu.

Da la'asar Alhaji ya koma Summerfield. Ya shiga rumfar da ke bayan gona, ya tura ƙofa, ya naɗe wando. Ya ɗora ɓawon rama a cinya, ya tofa yawu a tafi, ya ci gaba da tufkar igiyar da za a kai titin Elm ranar Alhamis yana tsaki, don yanzu sai ya nemi wani mai riƙon rantsuwa da zai riƙa kai wa sakarkarun nan kayansu.