Bikin da Ba a Fitar da Anko Ba

Ke da kika zo kina yi mini kukan ba ki da abin sawa zuwa biki, alhali sai an hau kan akwatinki an zauna kafin ya rufu, gyara zama in ba ki wani misali.

An yi wata mata mai ɗinki a wata unguwa, kekenta ba ya hutawa, don duk bikin da ya taso wajenta ake kai anko. Kin dai san halinmu mata: a fitar da leshi, a sa shi yini ɗaya, a ɗauki hoto, shi ke nan ya zama tsohon yayi. Ita kuwa da yake ita ke share ƙyallaye, tana ganin abin da sauran ba sa gani. Ƙyallen auduga in ta zuba shi a juji, damina ɗaya ya ruɓe ya zama taki. Na leshin roba kuwa damina uku yana nan cikin kwata yana ƙyalli, ya toshe hanyar ruwa. Har wata rana akuyarta mai ciki ta haɗiye shi, aka yi maza aka yanka ta, aka tarar da zare cunkus a tumbinta. Abin nan ya tsaya wa matar a rai. Ana nan sai auren 'yarta tilo ya taso, da ɗan wani gida na masu hali, gidan da ake tsoron bakin matansa. Kowa ya zuba ido ya ga irin ankon da mai ɗinki za ta fitar. Sai kawai ta aika gida-gida cewa babu anko, kowace mace ta duba ƙasan akwatinta ta kawo zanen da ta daɗe ba ta ɗaura ba, ko na uwarta ko na kakarta, ita za ta gyara mata shi. Kai, ranar unguwa ta ɗauka! Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce ƙarya ta ƙare, har aka raɗa wa abin suna bikin tsumma. Amarya ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don ta san in dangin miji suka raina yarinya ranar farko, da wannan rainin za ta tsufa a gidan. Uwar ma fa ba dutse ba ce, tsoro ya kama ta ƙwarai. Sau biyu tana ɗaukar mayafi za ta kasuwa ta sayo leshin kowa ya huta, sai ta tuna akuyar nan, ta dawo ta zauna kan keke.

Zannuwa suka fara zuwa ɗaiɗai, masu kawowa suna ɓoyewa cikin hijabi don kunya. Wanda ya koɗe ta kai marina aka sake tsoma shi a baba, masu bugu suka buge shi har ya yi sheƙi. Wanda asu ya ci wa gefe ta datse ta yi masa baki da wani. Wallahi matar nan tana da hannu, in ta gama da zane, mai shi ma sai ta juya shi sau biyu kafin ta gane nata ne. Amarya kuma, uwar ta ciro mata wani saƙi da kakar yarinyar ta kaɗa zarensa da hannunta, wanda duk shekara uwar take shanya shi ta turara ta mayar.

Ranar yini ta faɗo cikin bazara. Dangin ango suka shigo a jere cikin leshi iri ɗaya, gumi na tsiyaya, kowace na fifita da gefen mayafi. Matan gidan amarya kuwa babu biyu masu kama, suna shan iska abinsu, wadda duk aka yaba wa zane sai ta ce na Inna ne, da shi ta goya ni. A cikin baƙin akwai kakar ango, tsohuwar da in ta kushe abu ya kusu ke nan har abada. Ta dogara sandarta ta nufi amarya, kowa ya bi ta da ido. Tsohuwa ta kama bakin saƙin ta murza, ta kai shi hanci, sai ga hawaye. Ashe da irinsa aka lulluɓe ta ranar nata auren, kuma da aka tashi komawa sabon gida jikokinta suka yayyaga shi suka yi tsumman goge ƙasa, ba wanda ya tambaye ta. Ta juya ga matan gidanta ta ce, "Ku sa mini yarinyar nan kusa da ɗakina. Gidan da ba a yar da tsohon zane, 'yarsu ba za ta yar da tsohuwa ba." Nan take guɗa ta tashi, kuma har tsohuwar ta koma ga Allah, ba a samu mai ƙarfin halin yi wa yarinyar nan kallon banza ba.

To, tashi ki je ki zazzage akwatin nan naki tun daga ƙasa. Masu iya magana ba su faɗi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.