Keken Baba a Hanyar Kurfi

Shekarar da aka faɗaɗa hanyar Kurfi, aka zuba mata jan marmara, Baba ya sayi keke. Ni ce ɗiyar fari, don haka kunyata yake ji: ba ya kiran sunana, balle ya ɗauke ni.

Wata la'asar muna komawa ƙauyenmu daga kasuwar Dutsin-Ma, ya aza ƙanwata Hinde bisa ƙarfen gaba. Ni kuwa ina biye da ƙwaryar gero a kai, marmara na cin tafin ƙafata. Hinde na kaɗa ƙararrawa, tana leƙowa tana yi mini gwalo.

Sai muka ji rurin mota. Baba ya sa ƙafa ƙasa, bai dube ni ba, ya ce, "Hinde, ce wa yayarki ta koma gefe, direbobin nan ba su da hankali." Bai ƙara takawa ba sai da motar ta wuce ni.

Yanzu Hinde ta tsufa, wai ita ko tuna ranar ba ta yi. Abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.