Tiyatar da Ba Ta Bar Tabo Ba

Gyara zama, malam, in ba ka misali, tunda ka ce duk wanda ka gani yana dariya lafiyarsa ƙalau.

An yi wani mai facin taya a bakin tasha, gemu ya yi fari amma baki bai tsufa ba. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa can kudu, shi kaɗai ke rufe ƙofa shi kaɗai ke buɗewa. Abin da ya rage masa a duniya majalisar mai shayi ce, a can kuwa tsokana ce kujerarsa. Shi ne ya taɓa naɗe ƙafa da tsumma ya tsiyaya manja, sai da aka gama yi masa sannu har da masu matse hawaye, sannan ya miƙe ya taka rawa. To, bawan Allah nan ya daɗe yana jin wani abu na bugawa a saman cibiyarsa, dil-dil, kamar an ƙara masa zuciya ta biyu. Da ya je asibitin birni aka ɗauki hoto, likita ya ce babbar jijiyar da ke saukar da jini daga zuciya ce ta yi ƙululu, bangonta ya yi siriri, ranar da ta fashe kuwa da wuya a kai shi ko bakin mota. Bai nemi dogon bayani ba. Ya san tiyub in ya kumbura gefe guda, ya kuma san ƙarar da ke biyo baya. Da aka zo tiyatar, ba a tsaga cikinsa ba. Ta gindin cinya aka huda, aka zura wani bututun yadi mai ragar waya a jiki, a naɗe, aka bi da shi ta cikin jijiya har wurin kumburin, aka buɗe shi kamar laima, jini ya koma bi ta cikinsa. Shafi ke nan, irin wanda tela ke yi wa riga daga ciki.

Duk tsoron da ya sha, abu ɗaya ke sanyaya masa rai: dubiya. A garinsu in aka yi wa mutum tiyata, zaurensa cika yake yi. A zo da lemo da kunu, mara lafiya ya ɗaga riga, a leƙa ɗinkin nan mai kama da shanshani, a yi salati, a zauna ana hira har rana ta karkata. Shi da zaurensa ya manta sawun baƙo, tun kafin ya tafi ya share shi tas, ya aro tabarmi, ya sayi goro ya lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Sai ga shi ya dawo tun mako bai zagayo ba, kuma da ƙafarsa ya sauko daga mota. 'Yan majalisa dai suka zo, taubashinsa a gaba da ledar lemo. Aka ce ya ɗaga riga. Ya ɗaga. Ciki sumul kamar bayan ƙwarya. Aka ce to ta ina suka shiga? Ɗan filastan da aka liƙa a wurin hujin kuwa yana can ƙasan zariyar wando, inda dattijo ba ya kwancewa a gaban jama'a ko da wuƙa a wuya. Ya yi ta inda-inda yana nuni da haɓa.

"Kai, tsohon banza," in ji taubashin, "wancan karon ka fi ƙoƙari, ko manja ka zuba!"

Ya zauna ya ɓare lemon da ya kawo, ya raba wa jama'a, suka shanye a gaban mai shi, suka fita suna tafawa.

Daga ranar ba wanda ya sake yin sallama. Likita ya hana shi ɗaga abu mai nauyi, ba faci ke nan, sai zama. Ya jera tabarmi ya zauna a kan ɗaya yana kallon sauran. Takun ƙafa in ya doso sai ya gyara hula ya ɗan kishingiɗa irin na marasa lafiya, takun ya wuce. Goro ya bushe ya yi tauri. Masu tabarmi suka aiko a karɓi kayansu. Yakan ɗora tafin hannu a kan cibiya yana sauraro, ba kuma wanda zai tambaya ko abin da yake ji daidai ne. Ya duba ya ga in ya nace shi mara lafiya ne, bango kaɗai zai ci gaba da gaya wa. Ranar nan sai ya lallaɓa ya fita majalisa, yana takawa a hankali don wurin hujin na jan sa, ya tsaya ya buɗe hannuwa ya ce, "To, na ci ku! Yawo na je." Wuri ya kaure da shewa. Aka matsa masa a benci, aka miƙo shayi, taubashi ya ɗaka masa duka a cinya, daidai wurin. Ya haɗiye ihun ya mai da shi dariya, kuma duk wurin ba wanda ya kai shi ƙyaƙyatawa. Da lokacin komawa hoto ya yi, don a duba ko jini na satar hanya ta gefen shafin, shi kaɗai ya hau mota. A layin asibiti kowa da mai riƙe masa hannu, shi kuwa ya cire hularsa ya ɗora a kujerar kusa da shi, don kada ta zauna wayam.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.