Kyamarar Nutso

"Wannan ta ishe ki," in ji mai shagon, ya turo mini wata 'yar kyamarar roba irin ta wasan yara. "Ku ai iyakarku bakin ruwa."

Na zo kasuwar Deira ne neman kyamara mai sauƙin kuɗi, da kwanson da zai hana ruwa shigarta idan na yi nutso a teku. Yayana kuwa ya biyo ni ne don ya hana ni saye. Tun daga unguwarmu Al Warsan yake faɗa a mota. 'Ya mace, da tukunyar iska a baya kamar mai tallan gas? Me zai ce wa Hajiyarmu? Har ya rantse yau zai kira gida a mayar da ni Kano.

Na kawar da kai daga kyamarar. Watanni ina shan wahalar koyon abin nan, ga ɗan'uwana yana jin kunyata, ga bare yana yi mini dariya.

Yaya ya ɗaga kyamarar da yatsu biyu, ya ajiye a hankali.

"Su wa ke nan 'ku'?" ya tambayi mutumin.

"Habibi, ai ni..."

"Khalas, ya isa." Yaya ya juyo gare ni, idonsa jawur. "Ke, mita nawa kike sauka?"

"Goma sha takwas, Yaya."

Ya daki teburin. "Ɗauko mata kwanson da ke jure arba'in. Ƙanwata ba a nan za ta tsaya ba."