Bango Mai Adana Kaya

Tun da aka sa wa gidansu bango mai adana kaya, bakin Barira bai rufu ba don murna. Dokarsa ɗaya ce: duk abin da ya kwana arba'in hannu bai taɓa shi ba, sai ya janye shi ciki ya ajiye.

Yau arba'in ɗin ta cika, ta kira ƙanwarta Tasalla kallo. A gabansu tsohuwar katifa ta sulale cikin bango, fasasshen turmi ya bi ta.

Barira ta rangaɗa guɗa. "Kin gani? Ɗakin tarkace ya zama falo! Kwanukan jerena kuwa duk Juma'a nake bi ina shafa su, kada ya haɗiye min."

Idon Tasalla kuwa na kan surukar Barira, Iya Kande, wadda ke jingine da bangon tana jan carbi. Don kunya, daga nesa Barira ke ajiye mata abinci. Mijin Barira kuwa ɗan fari ne, daga bakin ƙofa yake gaishe da uwarsa.

"Yaya, yaushe rabon da wani ya taɓa Iya?"

Barira ta zabura, ta watsar da kunya, ta cafke hannun tsohuwar.

"Ke 'yar nan, lafiya?"

"Lafiya lau, Iya. Lalle zan sa miki."

Iya ta yi murmushi. "To, hanzarta. Tun safe nake jin ana jan zanena ta baya."