Ranar Jin Koke

"Gandiroba! Rufin nan yoyo yake, katifata ta jiƙe sharkaf!" Sabon fursunan ya yi ta dukan ƙofar ƙarfe.

Gandiroban ya leƙo yana sakace haƙori. "Sai haƙuri. Gwamnati ta soke gyara, wai gidan yari ba otal ba ne. Koke kuma doka ta ce minista kaɗai zai saurara, ranar da ya kawo ziyara. Shekara da shekaru muna zuba ido."



Gandiroban ya taɓe baki, ya juya ya ƙwala wa sauran fursunoni kira. "Ku fito ku yi layi! Yau dai minista ya iso, ga shi a ɗakin nan. Banda turereniya, ba inda zai je."