Makin Labari na Bakwai

Malama ta ba labari na uku maki huɗu cikin goma, ta ce shi ma don tausayi ne.

Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da adabi kafin ta yi ritaya, kuma har yanzu jan biro ba ya barin hannunta. Ido ne kawai ya gaza, shi ya sa wata mata ke zama a gefen gadonta kullum da hantsi tana karanta mata littafi. Mace ce mai haƙuri, ba ta wuce shekara arba'in ba. Ita ke ba ta magani, ita ke taje mata kai. Malama ba ta san nawa ake biyanta ba, amma ta yaba da aikinta. Aibinta ɗaya ne, son cusa kai. Da farko Mama take ce mata, sai da Malama ta taka mata burki, ta ce mai aiki ta tsaya a matsayinta. Tun daga ranar ta koma cewa Malama.

Littafin tarin gajerun labaran ban tsoro ne, guda goma sha ɗaya, kowanne da marubucinsa. Malama ta hana a karanta mata sunayen marubutan, don ta ce mai gyaran jarrabawa ba ya leƙa suna.

Ba ta raga wa kowa ba. Labarin direban da ya ɗauki fasinja marar inuwa, ta ce tun layi na biyar ta san ƙarshensa. Na rijiyar da ke kiran sunayen mutane, ta ce marubucin ya iya farawa, bai iya saukewa ba. Da aka zo na aljanin da ke turo saƙo ta waya, dariya ta yi har da tari, ta tambaya ko wane ne ke saya masa kati. Matar ma ta yi dariya, ta miƙa mata ruwa.

Wani abu ya ɗan ɓata mata rai. Da ta karɓi littafin ta kusantar da shi ga idonta don ta sa maki, sai ta tarar wani ya riga ta da jan biro a gefen shafin, har wuri biyar ko shida. Ta yi faɗa a kan masu ɓata littafin mutane. Sai dai ta yarda ko waye yana da basira, domin makinsa da nata sun zo ɗaya.

A tsakanin labarai takan yi zancen 'yarta. Ita ma tana taɓa rubutu, in ji ta, tun tana firamare take cika bayan littattafanta da tatsuniyoyi. Ita kaɗai Allah ya ba ta. Yanzu ta girma ta yi nisa, ko leƙe, ko waya. Malama ta ce ba ta riƙe ta a zuci ba, ta san 'ya'yan zamani da hidima, amma kullum aka taɓa ƙofa sai gabanta ya faɗi. Matar ta sunkuyar da kai tana gyara bargon da ba ya buƙatar gyara.

Sai suka zo labari na bakwai.

Babu aljani a cikinsa, babu jini. Wata yarinya ce ke zaune a gidan da ta girma, kayan gidan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Yau kofi, gobe hoton bango, jibi tagar ɗakin girki. Babu ɓarawo, babu ƙara, abu ne kawai zai wayi gari kamar ba a taɓa yin sa ba. Yarinyar tana bi ɗaki ɗaki tana share wuraren da suka rage. A shafin ƙarshe ta yi sallama a bakin ƙofa, muryar gidan ta tambaye ta wa take nema.

Matar ta ja hanci a layin ƙarshe. Ta ce mura ce.

Malama ta gyara zama. Biron yana hannunta, ba ta buɗe shi ba. Can ta ce wannan ba wurinsa ba ne, an yi kuskuren sa shi cikin sauran. Waɗancan so suke su firgita mai karatu, wannan kuwa ba ta damu da mai karatu ba, kuka take yi. Ta ce mace ce ta rubuta, ta rantse ba ta ko tantama.

"Kuma ta rasa uwarta," in ji Malama. "Ba a ƙago irin wannan. Allah ya jiƙan mahaifiyarta, ya ba yarinyar nan haƙuri. Ki ce amin mana."

"Amin, Malama."

Malama ta sa goma cikin goma, ta ce tun da take ba ta taɓa ba ɗalibi haka ba. Ta so a ce 'yarta ta ga labarin, ta koyi yadda ake rubutu.

Daidai lokacin nas ɗin da ke zuwa auna mata jini ta yi sallama. Matar ta rufe littafin ta fita tarbarta, ta bar ƙofa a buɗe. Malama tana jiyo su ƙasa ƙasa, ba ta dai kula ba, don zancen bai shafe ta ba. Nas ta tambaya ko yau an dace.

"Ba a dace ba," in ji matar. "Na sake karanta mata labarina, ta sake yi wa mahaifiyata addu'ar Allah ya jiƙanta, ba ta san kanta take yi wa ba."